Yaƙi da shaye-shaye: Gyara uku da ƙananan asibitocinmu ke buƙata

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Sai dai duk lokacin da aka tayar da zancen shaye-shaye a ƙasar nan, hankalin jama'a yakan koma ga hukumar NDLEA da kame da ƙona buhunan wiwi. Ba a cika tunawa da ƙaramin asibitin unguwa ba, alhali kuwa nan ne mai shaye-shaye yake fara kai kansa da ƙafarsa, da sunan ciwon kai ko rashin barci, tun kafin abin ya kai ga ɗaure shi da mari.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin tarayya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma haramci ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Hanyar gano irin waɗannan bayin Allah ba ta da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tambayoyi takwas da ake kira ASSIST, waɗanda ma'aikacin lafiya zai yi wa majiyyaci cikin kamar minti goma. Amsoshin ne za su nuna wanda nasiha ta ishe shi, da wanda sai an tura shi gaba wurin ƙwararru. To me ya hana a yi? A ganina abu biyu ne: rubutu da kuɗi.

Mu fara da rubutu. Na sha ganin majiyyaci ya ɓatar da katinsa, a sayar masa da sabo, a buɗe masa sabon fayil kamar bai taɓa zuwa ba. Abin da yawancin ƙananan asibitoci ke aikawa sama shi ne jimillar wata, a shigar da ita cikin manhajar DHIS2. Jimilla takan faɗi mutum nawa suka zo, amma ba ta faɗin cewa matashin nan sau huɗu yana dawowa neman maganin ciwon jiki. Da kowane majiyyaci yana da lambarsa da tarihinsa a kwamfuta, da ma'aikacin da ke bakin aiki ya gane cewa ruwa ba ya tsami banza.

Sai maganar kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Amma inshora tana biya ne bisa rajista da shaidar aiki. Asibitin da lissafinsa ke cikin tsohon littafi da rasit na hannu ba zai iya karɓo haƙƙinsa cikakke ba, kuma a irin wannan duhu ne ɓaraka take samun wurin zama. Bugu da ƙari, ma'aikaciyar da mata masu awo suka cika mata benci ba za ta ɓata minti goma kan aikin da ba wanda zai ƙirga ba. Amurka ta fahimci haka, shi ya sa a 2008 aka ba wannan tantancewa da nasihar da ke biye da ita lambar biya ta kansu a tsarin inshorarta.

Sai dai akwai sharaɗi babba, wato sirri. Matar aure ba za ta faɗi gaskiya ba muddin tana tsoron gobe maganar ta isa gidan surukanta, haka saurayi in yana zargin sunansa zai faɗa hannun hukuma. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, saura aiki da ita: kowane ma'aikaci da mabuɗinsa na shiga, wanda kuma ya fallasa a hukunta shi.

Daga ƙarshe, ina kira ga gwamnonin jihohinmu da hukumomin taimakekeniyar lafiya da kada su tsaya ga bikin raba kwamfutoci. A haɗa da wutar sola, a horar da ma'aikata, a fassara tambayoyin da Hausar da kowa ke ji, a sa su cikin ayyukan da ake ƙirgawa ake biya. Rubutu da lissafi da tantancewa duwatsun murhu ne, in aka cire ɗaya tukunya ba ta zama. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.