Idan Ɗanki Ya Ce Zai Tafi Kebbe a Kan Keke

Uwargida, hutun makaranta ya zo, sai ɗanki mai shekara 16 ya durƙusa gabanki ya ce shi da abokansa biyu suna son su hau keke daga Tambuwal har Kebbe, su gaida dangi su kwana su dawo. Ba kuɗin mota ya rasa ba. So yake ya gwada ƙafarsa. Me za ki ce masa?

Wataƙila a waya ya ga labarin Mamadou Safayou Barry, matashin nan ɗan ƙasar Gini da ya bar gida a kan keke a 2023 da niyyar karatu a Jami'ar Azhar ta Masar. Wata huɗu ya yi a hanya, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, aka tsare shi har sau uku. A Cadi ne mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, Azhar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta. Yara suna riƙe ƙarshen labarin. Ke kuma tsarewar nan sau uku ce za ta tsaya miki a rai, kuma kina da gaskiya.

To amma Kebbe ba Masar ba ce. Maƙwabciyar Tambuwal ce ta kudu, can wajen da Sakkwato ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi, tafiyar 'yan sa'o'i ce ga mai keke. Kafin babur ya cika gari, a kan Raleigh da Phoenix iyayenmu maza suka ci kasuwannin wannan yanki, da buhun gero a kariya, ba wanda ya kira abin bajinta.

Abin da ya canza shi ne tsaro, kuma da shi za ki fara. Ƙauyukan ƙaramar hukumar Kebbe sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Kafin ki amsa, a buga wa dangin da ke can waya, a tambayi direbobin tasha da masu kabu-kabu yadda hanya take a wannan makon, ba a watan jiya ba. In sun yi jim kafin su ba da amsa, an fasa tafiya, ko da yaro zai kwana yana kumbura. In sun ce lafiya lau, sharaɗi shi ne babbar hanya kawai: ba ratse, ba yanke ta daji don rage nisa, ba tafiya bayan la'asar.

Sai lokaci. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, wannan ba lokacin irin wannan tafiya ba ne. Hunturu ya fi, daga Disamba zuwa Janairu, ko da yake iska na tura mai keke baya, ƙura kuma na busar da maƙogwaro. Su idar da sallar asuba, su karya da koko da ƙosai, su jira gari ya waye sosai sannan su ɗaga. Cikin Tambuwal kanta su yi hattara da babban titin Sakkwato zuwa Jega, inda tireloli ke wucewa. Iskar babbar mota kaɗai tana iya jefa yaro gefen kwalta. A jere za su tafi, ɗaya bayan ɗaya, ba kafaɗa da kafaɗa suna hira ba.

Sa'a ta farko daɗi ce zalla. Jiki da ƙarfi, gonaki fayau an gama girbi, shanu na kiwo cikin karan dawa, 'yan mata na tafe da ƙwaryar nono. A nan ne yara ke kuskure, su yi ta tsere har su ƙone ƙarfinsu. Ki ja masa kunne: tafiyar da zai iya magana yana yi ba tare da haki ba, ita ce tafiyarsa.

Wajen hantsi sirdi zai fara cizo, a kuma nan ne taya ke yawan sacewa, don gefen hanyar karkara ba ya rabo da tsidau da ƙayar aduwa. Ba kowane ƙauye ke da mai faci ba. Saboda haka kwana biyu kafin tafiya, a kai keken wurin mai gyara ya duba birki, ya ɗaure sarƙa ya sa mata mai. A kariya a ɗaure famfo, da gam da abin faci, da sifana. In ɗanki bai iya cire taya ya yi faci da hannunsa a tsakar gida kina kallo ba, bai isa tafiya ba tukuna. Wannan jarrabawa ta fi duk wani alkawarin da zai yi miki da baki.

Ruwa kuwa, kada ya gaza lita 2 ga kowane yaro, a ƙara a hanya, a riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Ki haɗa masa gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari, irin wanda kika sani na gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gumi na fita da gishirin jiki, shi ya sa ƙafa ke ɗaurewa. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri, fura kuma ba za ta yi wuya a hanya ba.

Ga abin da za ki gaya wa abokan tafiyarsa, ba shi kaɗai ba, don wanda zafi ya kama ba ya gane kansa. In ɗaya ya fara jiri da ciwon kai da tashin zuciya, a sauka, a nemi inuwa, a sha ruwa. In ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya faɗi jikinsa kamar garwashi, a jiƙa shi da ruwa sharkaf, a yi masa fifita, a tare mota zuwa asibiti mafi kusa. A bar keken wurin mai unguwa, ba ya ɓata.

Ki cika masa waya da caji, ki sa masa kati, ku yi yarjejeniyar kira sau uku: da fita, a tsakiyar hanya, da isa. Akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, don haka in kin kira shiru, ki ba shi rabin sa'a kafin hankalinki ya tashi. Ki rubuta lambarki da ta babansa a takarda ki sa masa a aljihu, ya kuma riƙe katin makaranta saboda shingen jami'an tsaro da 'yan sa-kai. Baƙuwar fuska a ƙauye yanzu sai an tambaye ta.

In komai ya tafi daidai, kafin azahar suna Kebbe, fuska fari fat da ƙura. Kada su juyo a ranar, ko da sun ce ba su gaji ba. Ki gaya wa gwaggonsa ta dafa masa ruwan wanka, ta ƙara masa tuwo, ta kuma tashe shi da wuri gobe, don ciwon cinya sai an kwana yake fitowa, dawowar kuma za ta fi zuwan jinkiri.