Mabuɗin Na'urar Sadarwa Bai Kamata Ya Zama Guda Ɗaya Ba

Duk kiran da ya fita daga wayarka, da duk kuɗin da ka tura ta POS, sai sun ratsa wasu na'urori da ke kulle a ɗakuna masu sanyi, waɗanda injiniyoyi ke kira rauta. Daga nesa ake shiga cikinsu ta kwamfuta a rubuta musu umarni. Layi ɗaya na umarni kan buɗe hanya, wani layin kuma kan katse sadarwar gari guda. Saboda haka babbar tambaya a kamfanin sadarwa ita ce: wa aka yarje wa ya ba da wane umarni?

Masu ƙera na'urorin sun daɗe da tanadar amsa. A na'urorin Cisco akwai matakan izini 16, daga 0 zuwa 15. Mai mataki na 1 duba lafiyar na'ura kawai zai yi, mai mataki na 15 kuwa yana iya goge tsarinta kaf. Na tsakiya an bar wa shugaban sashe ya yanka wa kowa rabonsa gwargwadon aikinsa. Manyan kamfanoni kan ƙara da tsarin TACACS+, inda wata kwamfuta ta musamman ke tantance mai shiga, ta auna kowane umarni kafin ya wuce, sannan ta rubuta sunansa da lokacin da ya ba da shi. Kayan aiki dai akwai su. Ɓarakar tana zuwa ne idan aka bar kalmar sirri guda tana yawo a hannun ma'aikata da 'yan kwangila, har da waɗanda suka bar aiki tuntuni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun dasa ɓoyayyiyar manhaja a na'urorin Vodafone suka saurari wayoyi sama da 100, ciki har da ta Firaminista Kostas Karamanlis, kuma ɓacewar bayanan masu shiga ta dagula bincike. A 2008, a birnin San Francisco na Amurka, injiniya guda ne ke riƙe da kalmomin sirrin hanyar sadarwar birnin; da suka saɓa da shugabanninsa ya ƙi bayarwa, sai da magajin gari ya same shi a kurkuku ya karɓa. A wuri na farko an rasa shaida, a na biyu an tara iko a hannu ɗaya.

Injiniyoyi da yawa na ƙorafin cewa wannan takura ce: layi ya katse tsakar dare, mutum ya san gyara amma izininsa bai kai ba. Ƙorafin yana da tushe. Ranar 4 ga Oktoban 2021 wani umarnin kuskure ya durƙusar da Facebook da WhatsApp kusan awa shida, tsauraran matakan tsaro kuma suka jinkirta isar masu gyara. Amma maganin wannan shi ne mabuɗin gaggawa da ake adanawa a killace, a buɗe shi da sanin mutum biyu, a canza shi da zarar an gama, tare da hanyar shiga ta daban da ba ta dogara da layin da ya faɗi ba.

Wasu kuma na ganin iyakance izini tamkar zargin ma'aikaci ne da cin amana. A ganina ma'aikacin kirki shi ya fi kowa cin moriyarsa. Idan mutum goma na shiga da suna ɗaya, ranar da aka yi ɓarna duk goman ne abin tuhuma. Idan kowa na da sunansa da iyakarsa, rajista ce za ta wanke mai gaskiya, ta kuma tare hannun wanda gajiya ta kusa sa shi kuskuren da zai bar miliyoyin mutane babu layi.