Yadda jami'o'i ke auna masu neman gurbin karatun ƙididdigar lafiya

A duk ƙarshen shekara, jami'o'in Amurka kan fara tantance takardun masu neman yin digiri na biyu ko na digirgir a fannin ƙididdigar lafiya, wanda masana ke kira bayostatistiks.

Masana wannan fanni ne ke tsara gwaje-gwajen magunguna da na alluran rigakafi, su kuma auna ko sakamakon da aka samu abin dogaro ne.

Gwajin rigakafin shan inna na Jonas Salk da aka yi a shekarar 1954, wanda ya shafi yara kimanin miliyan 1.8, yana cikin manyan misalan irin wannan aiki.

Lissafi ne kan gaba

Da yawa daga masu nema na zaton digirin likitanci ko na kiwon lafiyar al'umma ne ke buɗe wannan ƙofa. Sai dai abin da kwamitin tantancewa ke fara dubawa shi ne lissafi.

Galibin sassan na bukatar mai nema ya yi darussan kalkulas har zuwa mataki mai zurfi, da aljabara ta jami'a wadda ake kira liniya aljabara. Wasu kan ƙara da lissafin yiwuwar aukuwar abubuwa.

Ga mai neman digirgir, ana so a ga ya ci darasin kafa hujjojin lissafi, wato riyal analisis, domin shi ke nuna ko zai iya jure karatun ƙa'idoji na shekarun farko.

Saboda haka likitan da rabonsa da lissafi tun sakandare zai iya shan kaye a hannun wanda ya karanta lissafi ko injiniya, ko da makinsa na gaba ɗaya ya fi yawa. Kwamitin na bin darussan ɗaya bayan ɗaya, ba jimillar maki kaɗai ba.

Sauran ma'aunai

Bayan lissafi, ana duba ƙwarewa wajen sarrafa bayanai da manhajoji irin su R da SAS da Python, da kuma ko mai nema ya taɓa yin bincike.

Yawancin jami'o'in na neman wasiƙun shaida guda 3. Wasiƙar malamin da ya san aikin ɗalibi ciki da waje ta fi ta babban mutum da bai san shi ba daraja.

Akwai kuma takardar bayanin manufa, inda mai nema ke fayyace matsalar da yake son yin bincike a kanta.

Jarrabawar GRE, wadda a da ta zama tilas, ta rage tasiri. Tun daga 2020 jami'o'i da dama suka daina wajabta ta, kuma a 2023 aka rage tsawonta zuwa ƙasa da sa'o'i 2.

Da yawa daga makarantun kiwon lafiyar al'umma na karɓar takardu ta shafin SOPHAS, kuma wanda ya yi karatu a wajen Amurka kan bukaci hukumar WES ta tantance sakamakonsa, aikin da kan ɗauki makonni. Wa'adin neman digirgir a jami'o'i da dama kan cika ne a farkon watan Disamba.

Batun kuɗi da biza

Gasar digirgir ta fi zafi, saboda guraben kaɗan ne, kuma jami'a ce kan biya kuɗin makaranta tare da ba da alawus. A digiri na biyu samun gurbi ya fi sauƙi, amma galibi ɗalibi ne ke ɗaukar nauyin kansa.

Samun gurbin ma ba ya nufin samun biza. A watan Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ƙuntata shigar 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Nijar, matakin da ya shafi bizar karatu.

Akwai irin wannan karatu a Makarantar Tsafta da Magungunan Ƙasashe Masu Zafi ta London, da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, da kuma Jami'ar Ibadan.

A can ma ana mutunta ƙarfin lissafi, don haka wanda ke da giɓi zai fi amfana idan ya cike shi da darussa masu takardar shaida kafin ya kashe kuɗin nema.