Farauta Da Madubi A Fadamun Kura Da Bunkure

Wanda ya tashi daga birnin Kano cikin tsakiyar ɗari ya bi hanyar Zariya, ba abin da idonsa zai yi ta cin karo da shi sai karan dawa da busasshiyar ƙasa da hazo, har ya yi tafiyar kamar mil ashirin. Da ya kusa Kura sai ya ga duniya ta sake. Daga nan har Kadawa da Garun Malam, da can gabas wajen Bunkure, alkama ce da shinkafa da tumatir da albasa, kore shar iyakar ganin ido, ruwa na gudu cikin magudanai, balbelu sun yi fari fat a bayan masu huɗa, alhali kuwa rabon sama da zubar da ko ɗigo tun watan Oktoba.

Wannan al'amari ba daɗaɗɗe ba ne. Da can an san Kura da rini da bugu, da rawanin nan mai ƙyalli da a ke ce wa ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye su kai shi har cikin Sahara. Noman rani kuwa sai ɗan lambu a bakin rafi, a na ban ruwa da jigo. A zamanin Gwamna Audu Bako ne aka datse Kogin Kano a Tiga, aka gama aikin a 1974, aka jawo ruwa ta babbar magudana ya riƙa gangarowa da kansa, ba inji, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har bakin fangalin manomi. Filin da aka yi niyyar shayarwa a kashi na fari hekta 22,000 ne, watau wajen eka 54,000, ko da ya ke ba duka aka samu gyarawa ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejiya da Jama'are, ita ke riƙe da aikin. To, cikin shekaru kaɗan sai ga ƙasar da ta saba bushewa wata bakwai ta zama fadama shekara duka, kuma inda ruwa ya zauna, tsuntsu da kwaɗo da guza ba su jiran gayyata.

Su waɗannan baƙi ne suka jawo wata irin farauta sabuwa, wadda ba baka, ba kibiya, ba adaka. Samari ne, galibinsu 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata da 'ya'yan manoman kansu, su kan fita da wayar hannu, mai hali kuma da kyamara, su ɗauko surar gona da tsuntsu da faɗuwar rana a kan ruwa, ba don kuɗi ba, sai don sha'awa. Dattijo ya gan su tsugune a bakin magudana ya ce rashin aikin yi ne. Amma lalle akwai fa'ida cikin abin, in dai an yi shi bisa ƙa'ida.

Asalin wannan hikima ba baƙo ba ne ga ma'abota littattafai. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ta 'yar kafa cikin ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Kyamara ba kome ba ce illa wannan ɗaki an ƙanƙanta shi, Turawan Faransa kuma suka gano yadda za a tsayar da surar kada ta gushe, suka bayyana wa duniya a 1839. Game da hukunci kuwa, malamai ba su yi saɓani ba a kan surar itace da dutse da ruwa. Saɓaninsu na kan abu mai rai, kuma Shaihu Muhammad Bakhit, wanda ya yi muftin Masar, ya rubuta risala ya na ganin halaccin hoto, domin a wurinsa tsare inuwa ne, ba sassaƙa ba. Akwai waɗanda ba su yarda da shi ba har yau.

Sirrin aikin duka haske ne. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sa'an nan daga la'asar sakaliya zuwa almuru, su ne lokatan da haske ke kwantawa a gicciye, kowace kunya ta yi inuwa, zangarniyar alkama ta yi kamar an shafa mata zinariya. Da rana ta take tsaka sai kome ya yi fari ya baje, hoton ya fito ba armashi. Mai ɗauka ya sa rana a bayansa in launin tsuntsu ya ke so, ya fuskance ta in kuwa baƙar surar giginya ko kuka ya ke nema a jikin jan sama. Hazo maƙiyi ne kuma masoyi: ya kan shafe duwatsun Rano daga nesa, ƙurarsa ta shiga na'ura ta ɓata madubi, amma shi ne ke rage kaifin rana har a ɗauke ta jajir kamar faifai a kan ruwa. Ga mai son itace kuma, ba kamar gawo, wanda ya saba wa 'yan'uwansa, ya kaɗe ganye da damina, ya yi lif da rani.

Tsuntsu kuwa sai da haƙurin maharbi. Maharban da, in za su kusanci nama, kan ɗaura kan burtu a goshi su yi ta rarrafe su na gyaɗa kai. Mai kyamara ba ya bukatar burtu, amma ya bar farar riga a gida, ya riga tsuntsu zuwa wurin, ya zauna ƙasa-ƙasa a gefen magudana, ya yi shiru. Zalɓe ya kan tsaya cik kamar an dasa shi, sai dai ba ya yarda a matso. Zakaran ƙeƙuwa shi ne ɗan tsegumin fadama, da ya hangi mutum sai ya kwarmata wa kowa. Kirinjijiya garke-garke ta ke tashi da fito, an fi samunta da sassafe. Da ɗari kuma akwai baƙi daga Turai, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da tsattsewa, waɗanda ke ƙetare bahar da Sahara su yi hunturu a nan su koma. An tabbatar da haka ne ta zoben da a ke sa musu a ƙafa a can, a tsince su a nan. Wanda wayarsa ba ta jawo nesa, ya ɗora idonta a kan madubin hangen nesa, ya fi ya matsa wa sheƙa har uwa ta gudu ta bar ƙwai ga rana da hankaka.

Akwai ladubba kuma. Gona da mai ita, a yi sallama, kada a taka fangali. Matan da ke sussuka da sheƙar shinkafa ba tsuntsaye ba ne, ba a ɗaukar su sai da yardarsu. Kada kuma kwaɗayin hoto ya sa mutum ya tsunduma cikin kwantaccen ruwa, domin a nan ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya su ke.

To, ina fa'idar da aka ambata? Ita ce shaida. Ƙasar nan ta sake kama cikin rayuwar mutum guda, amma in aka ce a kawo surar yadda dajin Bunkure ya ke kafin 1974, da wuya a samu sai a bakin tsofaffi. Gauraka, wadda da a ke ganinta a fadamun Arewa har a na kiwonta a gidajen sarakuna, yau ta kusa ɓacewa daga Nijeriya ɗungum. Ungulu, da ta ke cika kowace mahauta har ba mai ɗaga kai ya dube ta, a 2015 masana suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, saboda guba da masu sayen sassanta don tsibbu. Ba wanda ya san ranar da ta ƙarshe ta bar kasuwar garinsu, don ba wanda ya rubuta. A 1981 wasu Turawa biyu, Sharland da Wilkinson, suka buga lissafin tsuntsayen Jihar Kano, kuma da irin wannan lissafi ne kaɗai a ke iya gane abin da ya ragu da abin da ya ƙaru. A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta soma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka raba ƙasa gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a tsawo da faɗi, masu sha'awa na aika abin da suka gani ta waya. Saboda haka hoton da ba wuri ba kwanan wata, kamar takardar bashi ce da ba shaidu. Wanda ya ɗauki shamuwar fari da ta sauka a kan kukar garinsu, ya rubuta rana da wata, ya maimaita shekara goma, ya ba manoma labarin damina wanda ba su da shi a rubuce.

Sai dai fa madubi ya kan faɗi rabin gaskiya ya yi shiru. Ba hoton da ya kai na jan baki kyau, sa'ad da dubbansu suka taso da yamma su na murɗawa kamar hayaƙi. A ƙarƙashin wannan hayaƙi kuwa akwai yaro tun asuba ya na jan igiya mai gwangwanaye, muryarsa ta dushe, don garke guda na iya sussuke shinkafar da ta yi nono kafin a ankara. Ita kuma doguwar ciyawar nan kachala, mai kyan gani in iska na kaɗa ta, ita ce ke toshe magudanai, ita ce makwancin jan bakin. Ta yi ƙarfi ne tun da madatsun Tiga da Challawa suka sa ruwa ya daina ɗaukewa da rani, har ta cinye gonaki da wuraren su a fadamun Hadejiya da Nguru, can ƙasa da kogin. Masu feshi ta jirgin sama makwancin su ke nema, ba gonar ba, kuma sai bayan almuru tsuntsayen ke taruwa a ciki. Yaron da ya bi garken da kyamara har ya ga inda ya sauka, ya rubuta sunan rafin da ƙauyen da ke kusa, ya kai wa malamin gona, ya rage musu neman kwana da kwanaki.