Fijo 504 da shan mai: lissafin takarda da na titi

A 1968 kamfanin Peugeot ya fitar da 504 a Faransa, shekara ɗaya bayan nan aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina ƙera ta. Gwamnati ta hau ta, 'yan kasuwa sun hau ta, daga baya ta gangaro tasha. A 1978 litar fetur kwabo 15 ce da 'yan kai, don haka ba wanda ya damu da abin da take sha.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, tambayar farko da ake yi wa mai sayar da tsohuwar Fijo ita ce: yaya shan manta?

Amsar takarda mai sauƙi ce. Injin mai lita biyu da kafireta, idan yana da lafiya kuma direba bai matsa masa ba, yakan ci lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 a babbar hanya. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, lita 25 ke nan. Sai dai da wuya ka samu 504 da ta kai shekara talatin tana cika wannan alkawari, kuma laifin ba na tsufa kaɗai ba ne.

Kafireta ba ta da kwamfutar da za ta auna mata mai da iska. Yadda bakanike ya saita ta, haka za ta zauna, shi kuwa da kunne yake saitin: sukurdireba a hannu, yana murɗawa yana sauraron sulo har ya ji ƙarar da ta yi masa. Yawanci yakan ɗan ƙara mata mai don kada ta riƙa mutuwa a cunkoso mai mota ya dawo da ƙorafi. Ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar iska, fulogi ya yi baƙi, salansa ta soma warin ɗanyen fetur. Akwai ma al'adar nan ta cire abin da ke daidaita zafin injin wai don ƙasarmu da zafi, alhali injin da bai ɗumama sosai ba ya fi ƙona mai. Idan waɗannan suka taru, lita 25 ɗin nan ta haura 30 ba wuya.

Sauran kuma a ƙafar direba yake. Yawancin 504 giya huɗu gare su, babu ta biyar da injin zai huta a kai, ga shi turjiyar iska ninkuwa huɗu take yi idan gudu ya ninka biyu. Direban da ya take totur yana gudun 130 da buhuna a saman mota, shi ya zaɓi ya zubar da kuɗinsa. Wasu kan saka ta a firi a gangara don su rage asara. Ana ɗan tsira da mai, amma rayukan fasinja duka sun rataya a kan birki.

Duk da haka, a ganina an zalunci Fijo da aka yi mata laƙabin mashayiya. Direban tasha bai san lita a kilomita 100 ba, abin da ya sani shi ne man zuwa Kaduna da yawan kujerun da ya sayar. Wagon mai layi uku tana ɗaukar fasinja bakwai, ko da ta sha lita 30, kowane mutum lita huɗu da ɗoriya ta hau kansa. Mai sabuwar mota da ya tafi shi kaɗai ya ƙona ninki uku na wannan. Abin da ya kore ta daga tasha shi ne zuwan Golf da Sharan 'yan kwatano, masu injekta, waɗanda ke ɗaukar fasinja kusan haka da man da bai kai nata ba.