Ƙaiƙayin Kunne da Kirim Mai Haɗi Uku

Idan hunturu ya sauka a Wudil, ƙurar kara ta haɗu da iskar da ke kaɗowa daga bakin kogi, sai ka ga mutum ya karkace kai yana jujjuya gashin kaza ko tsinken ashana cikin kunne, ido a lumshe. Daɗin na ɗan lokaci ne. Bayan kunnen ya tsage, fatar tana saɓa kamar dusa, wani lokaci har da tsattsafar ruwa. Wannan ita ce egzima: fata ce ta bushe ta yi bori, ba ƙwayar cuta ta kawo ta ba, ba a kuma ɗaukarta.

Ruɗanin daga suna yake farawa. A kemis, da ka ce egzima, kyasbi ake fahimta, sai a miƙo maka kirim mai haɗi uku irin su Funbact-A. A cikinsa akwai sitirod mai ƙarfi, wanda yawan shafawa ke sirantar da fatar kunne, da kuma neomycin, wanda shi kansa yana tayar wa wasu da borin fata. Idan kuma dodon kunne ya huje, neomycin ya shige ciki, yana iya taɓa ji. Wannan ne yake tayar mini da hankali, domin ana tura kirim ɗin da auduga har ciki, har a kunnen yara ma.

Fatar waje ba ta buƙatar wannan duka. Basilin ko man kaɗe marar turare, safe da yamma, shi ne tushen magani. In ta yi ja tana zafi, likita kan ba da hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, a shafa kaɗan na kwanaki, a daina. Mata su duba ɗan kunnen yari mai arha, don ƙarfen nikel na cikin manyan masu laifi, haka ma baƙin rinin gashi.

Ramin kunne kuwa ba wurin gwaji ba ne. Sai an haska an gani, ko a Babban Asibitin Wudil ko sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano, kafin a ɗiga komai. Yaran da ke ninƙaya a kogi sukan dawo da kunne mai ruwa da wari, wanda sau da yawa ƙwayar cuta ce ko fangas, sitirod shi kaɗai kuwa ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi.