Rukunai Huɗu na Wasan Kafa Daula

A cikin wasannin kwamfuta da suka yawaita a wannan zamani, akwai wani jinsi wanda ma'abotansa suka daɗe suna saɓani a kan haddinsa, shi ne wanda ake ɗora wa mai wasa nauyin kafa daula tun daga tushenta. A shekarar 1993 ne Alan Emrich, yayin da yake sharhin wasan Master of Orion a mujallar Computer Gaming World, ya laƙaba wa jinsin suna 4X, ya kuma aza shi bisa rukunai huɗu: binciken ƙasar da ba a sani ba, da faɗaɗa mulki, da cin moriyar albarkatun ƙasa, da murƙushe abokan hamayya.

Wanda babu jayayya a kansa shi ne Civilization, da Sid Meier ya fitar a 1991, inda mutum kan fara da 'yar jama'a kaɗan shekara 4000 kafin miladiyya, alhali taswirar duniya tana rufe da duhu, sa'an nan ya sari gari, ya aza haraji, ya raba dukiyar baitulmali tsakanin ilimi da gine-gine da runduna, yana motsi abokan karawarsa na motsi, bi da bi kamar 'yan dara, har al'ummarsa ta tashi daga ƙera tukwane ta kai ga harba kumbo. Nasara kuwa ba lalle ta zo ta bakin takobi ba, domin a fitowar da suka biyo baya ana cin wasan ta hanyar ilimi ko al'adu ko sulhu. A fitowa ta bakwai, ta 2025, Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin da ake zaɓa.

A ra'ayina, mizanin da ke warware mas'alar shi ne nauyin tafiyar da mulki. Age of Empires na 1997, duk da kasancewar ana bincike da tara itace da zinariya a cikinsa, bai cika sharaɗi ba, saboda tattalin arzikinsa hadimin yaƙi ne kurum, kuma sau da yawa a cikin sa'a guda an gama. Wasu sun shardanta motsi bi da bi, amma hujjarsu tana da rauni, tun da Stellaris na 2016, wanda lokaci ke gudana a cikinsa ba tare da jiran kowa ba, ya tara rukunan huɗu cif a tsakanin taurari.

Mafi wuyar hukunci shi ne Europa Universalis na huɗu, na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ke farawa a 1444, har mutum kan iya riƙe Kano ko Katsina. Siyasarsa tana da zurfi ƙwarai, sai dai mai wasa gadon daula yake yi da iyakokinta da maƙwabtanta, ba shi ya kafa ta ba, don haka nake ajiye shi a babin manyan dabarun mulki, maƙwabcin wannan jinsi na kusa.